Ranar da Aka Naɗa Guduma

A duk Dingaya babu mai yi wa Ƙasimu musu. Kada ka ɗauka girma ne ko kwarjini. Mutum ne ɗan firit, gonarsa ba ta fi ta kowa ba, sarauta kuwa ko ta mai unguwa ba ta taɓa ɓatan kai ta shiga gidansu ba. Kunne ne ya ja masa. Shekarun da kuɗin mai suka fara malala aka shiga zuba kwalta ko'ina, ya jingine garma ya tafi Birnin Kudu ya kama aiki a bakin injin fasa dutse na wani kamfanin hanya. Injin nan ya niƙe duwatsu, ya haɗa da kunnuwan masu ɗura masa su. Da aiki ya ƙare kamfani ya naɗe komatsansa ya yi gaba, Ƙasimu ya dawo gida da keke da agogo da wani ƙugi a cikin kai wanda ba ya ɗaukewa.

Da farko mutane suna ɗaga murya su maimaita masa magana. Amma ɗan Adam bai iya maimaita magana sau uku yana fara'a ba. Sannu a hankali suka gano hanya mai sauƙi: duk abin da ya faɗa sai a gyaɗa kai a ce, "Haka ne, Malam Ƙasimu." Wata rana da la'asar a gindin tsamiyar da ake hira, ya ce bari ya gwada su. Ya gyara zama ya ce shi a ganinsa gero ya fi yin kyau in an shuka shi tsamo-tsamo cikin ruwan fadama. Tsofaffin manoma ne fa zaune a wurin, har da wansa Iliyasu, wanda in ka ce rana ta fito sai ya leƙa ya gani kafin ya yarda. Duka suka gyaɗa kai. Ƙasimu ya tashi ya kaɗe rigarsa ya shige gida, ranar ko tuwo bai iya ci ba.

A gidan ma haka. Matarsa A'i a da in ta fara faɗa sai kaji sun bar tsakar gida. Yanzu sai dai ta dafa kafaɗarsa ta nuna masa kwano, ta nuna masa buta. Yakan taka mata shanya da gangan ko Allah zai sa ta yi masa tas kamar da, sai ta dube shi kawai ta ɗauko tsintsiya. Ba ta san yana kewar faɗan nan kamar ransa zai fita ba.

Mutum ɗaya ya rage masa a duniya mai ce masa ƙarya yake yi, shi ne Edward.

Edward mutumin Zonkwa ne, makaniken kamfanin hanyar nan. Da kamfani ya tashi shi bai tashi ba, ya buɗe shagon cajin batir da gyaran injin niƙa a bakin titi, matarsa Martina tana ɗinki a bayan shagon. Wani Baturen injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar masa garmaho mai aiki da batirin mota, da wani ƙaton akwatin lasifika, da faifai uku, duk na wasu samarin Turawa biyar masu gashi har kafaɗa. Gara ta cinye kwalayen faya-fayen tun a daminar farko. Sunan mawaƙan bai taɓa zama a bakin Ƙasimu ba, don haka ya sa musu Maƙera, Edward ma ya bi shi a kan haka.

Kiɗan kuwa, Allah ya kyauta. Jita tana kururuwa, ganga kamar ana rushe gini, mai waƙar yana tsala ihu sai ka rantse kunama ce ta shiga wandonsa. Maƙwabta suna ce masa kiɗan aljanu. Martina da ta ga an ɗauko batir sai ta kwashi ɗinkinta ta yi gidan ƙawarta. Amma ga mutum biyu da injin fasa dutse ya yi wa kunnuwansu awo, kiɗan nan daidai da su aka ɗinka shi.

Tun da Ƙasimu ba ya jin abin da Maƙera suke faɗa, shi ma Edward rabi-rabi yake tsinta, sai suka raɗa wa waƙoƙin sunaye nasu na kansu, suka kuma kafa musu fada. Kowace waƙa da sarautarta. Hadarin Gabas ita ce Galadima, wannan ba a taɓa jayayya a kai ba. Tirela ta riƙe Madaki. Akwai wata Jaki Ya Ƙi Gada, mai tafiya tana tirjewa, wadda aka naɗa aka tuɓe har ba a san adadi ba, yau tana Sarkin Fawa gobe tana cikin dogarai. Gadon sarki ne kawai babu kowa a kai, shekara da shekaru. Edward yana bayan wata da suke kira Bazawara, mai farawa da lallashi, jita ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, sai ta yi ta hawa tana hawa har ta fashe. Ƙasimu kuwa ɗan Guduma ne, wadda daga farkonta har ƙarshe duka ne ba sassauci.

"Kai baƙauye ne!" Edward zai ce, yana ihu don ya rinjayi lasifika, jijiyoyin wuyansa a miƙe. "Me ka sani ban da a daka a daka? Sarki ai da natsuwa aka san shi!"

"Natsuwar banza!" in ji Ƙasimu. "Sarkin da sai ya gama kuka kafin ya hau doki? Makanike, ka tsaya a kan sifana, ka bar wa manya zancen sarauta!"

Wannan ihun ne yake sa Ƙasimu ya tashi tun da sassafe ranar Lahadi, wata-wata, ya taka keke zuwa Gwaram, ya hau babbar mota ya sha jijjiga har Birnin Kudu, ya isa daidai Edward ya dawo daga coci. Kowa a Dingaya in ya yi masa ihu, ihun tausayi ne. A ɗakin Edward kuwa kiɗa ya mai da kowa kurma, ihun da ake yi masa na gardama ne tsagwaronsa. Yakan koma gida murya a dishe, zuciya wasai.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kunnen bai tsaya inda injin ya bar shi ba. Farkon Bazawara ne ya fara ɓace masa: zai ga allura ta sauka a kan faifai, Edward ya lumshe ido, shi kuwa shiru har sai ganguna sun shigo. Haushin haka ya sa ya yi ta sauke ta daga Waziri zuwa Ciroma zuwa ƙasa, Edward yana kumfar baki yana cewa taurin kai ne. Daga baya jita ta bi ta, murya ta bi. A daminar da ta wuce ya yi wani zazzaɓi mai zafi, da ya tashi sai ya tarar kunnen hagun da yake ɗan lallaɓawa da shi ya rufe ruf. A gida ba wanda ya lura, don dama ba mai yi masa doguwar magana.

Bai gaya wa Edward ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada ranar da mutumin nan ya sani shi ma ya koma mai gyaɗa kai. Kuma Allah ya rufa masa asiri ta hanyar talauci. Kujera ɗaya ce a ɗakin, ta mai gida, shi tun asali a kan akwatin lasifika yake zama. Duk dukan ganga yana shigarsa ta ƙashin baya har haƙora, ya san Guduma daga Tirela ba tare da kunne ba. Idonsa yana kan allura, ya san layin da kowace waƙa take. Bakin Edward kuwa ya haddace shi, da motsin leɓensa da duk hujjojinsa. Da haka ya ci Lahadi bayan Lahadi ba a kama shi ba.

Bayan an kai amfani gida ya ɗaure zabi biyu da ɗan ƙunshin riɗi ya kama hanya. Da ya yi sallama ya ɗaga labule, sai ya ja ya tsaya, ya ɗauka ɓatan ɗaki ya yi. An shimfiɗa leda mai zanen furanni. Ga kujerun kushin ja wur, ko robarsu ba a cire ba. A kan kanta wata rediyo mai kaset tana ƙyalli, wayoyi sun hau bango zuwa wasu ƙananan lasifika biyu da aka rataye can kusa da rufi. Edward yana tsaye a tsakiya, baki har kunne. Ya samu aikin kula da injinan ban-ruwa na gwamnati, abin duniya ya fara zama.

Ƙasimu ya yi masa barka, ya miƙa wa Martina zabi. Sannan ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Ina akwatin?"

"Wannan tsohon gandun ƙudan? Wani mai shela daga Wurno ya kwashe shi har da garmahon. Kai dai zauna, mutumina, ka ji yadda kiɗa yake. Shekara nawa ina zaunar da baƙona a kan katako, yau kam na fita kunya."

Ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kujerar da ta fi kowacce laushi. Ƙasimu ya nutse a ciki har gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

"Kafin faya-fayen su tafi na kwashe waƙoƙin a kaset," in ji Edward, yana girgiza wani ɗan abu kamar sabulu a gaban fuskarsa. "Na jera su da kaina, daga dogari har sama. Kowacce ta shigo ka faɗi sunanta, ka faɗa mini in na zalunce ta. Na san ba za ka rasa abin cewa ba."

Ya danna. Wata 'yar fitila ja ta kama. Shi ke nan abin da Ƙasimu ya samu.

Babu allura, babu faifai mai juyawa. Kushin ya shanye komai. Ya zare takalmansa ya manna tafin ƙafa a kan leda, bai ji ko ɗis ba. Ya yi kamar yana miƙa ya ɗora hannu a bango, sai wata 'yar rawa can nesa wadda ba za ta gaya maka ko wace waƙa ce ba. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Sai ya koma kallon Edward, tun da shi kaɗai ne faifan da ya rage masa.

Gwiwar Edward tana tafiya tana tirjewa, tana tafiya tana tirjewa.

"Jaki!" Ƙasimu ya ce da ƙarfi. "Jaki ka mayar dogari? Kai azzalumi ne, wallahi! Wa zai riƙe mana Sarkin Fawa?"

Edward ya buga cinya ya tuntsire da dariya, ya taso masa da hujja, yatsa a sama. Daɗi ya kama Ƙasimu har ya manta da gumin. Ta biyu ya kamo ta a leɓen Edward, yana bin amshi. Ta uku ta gagare shi, sai ya taɓe baki ya ce wannan ko sunanta ba zai ɓata bakinsa ya kira ba, Edward ya fusata ya kira sunan da kansa. Haka ya yi ta tsallake rijiya da baya. Tirela ta zo ya gane ta a kafaɗun mai gida. Hadarin Gabas ta zo a gurbinta na Galadima, suka sara mata tare. Ya fara gaya wa kansa ashe za a iya, ashe ko a haka ma zai riƙe abinsa.

Sai Edward ya daina motsi. Ya jingina, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya lumshe ido, wani ɗan murmushi a gefen bakinsa. Jar fitilar tana nan a kunne.

Ƙasimu ya yi lissafinsa. An wuce Galadima, saura sama. Ba kaɗa ƙafa, ido a rufe, ga murmushin mugunta. Ai ba sai an faɗa ba, Bazawara ce take lallashinta, mutumin nan ya ɗora ta a gadon sarki a bayan idonsa. Ya yunƙura ya fito daga cikin kushin, ya tsaya a tsakar ɗaki, ya buɗe murya iyakar ƙarfinta yadda zai rinjayi kiɗa.

"Kashe ta! Kashe mini wannan koke-koken! Ji fa, don Allah ji yadda take jan murya kamar akuya ta ga wuƙa! Wannan ce za ta yi mana sarki? Ji jitar nan, ko gurmin makaho ya fi ta jini a jika! Ka saurara da kyau, Makanike, nan wurin, nan, ka ji? In wannan ce sarki, ni na yi murabus daga fadar!"

Bai taɓa yi mata kaca-kaca irin na ranar ba, har wani sanyi ya ji a ransa. Yana cikin yi ya lura Edward ya buɗe ido, murmushin ya tafi. Martina tana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu, ba ta shigo ba, ba ta koma ba. Ba ta taɓa zama a gida ana kiɗan Maƙera ba, ashe shirun da ta ji ne ya sa ta ɗauka an tashi, ta kawo abinci.

Edward ya yi magana, ba da ihu ba. Ƙasimu ya karanta a leɓensa, kalma bayan kalma.

"Babu komai a nan, Ƙasimu. Ban sa Bazawara ba, ban sa Guduma ba. Gurbin sarki ne na bari fanko, tun da ba mu gama ba."

Ƙasimu ya yi dariya, ya ce ai ya sani, tsokana ce. Dariyar ba ta karɓu ba ko a wurinsa. Edward ya tashi a hankali ya zaga ta bayansa. Abin da ya yi a can Ƙasimu bai sani ba, ko tafi ne ko kiran suna. Ya dai ga Martina ta zabura har miya ta fantsala, sannan ta dube shi shi da bai motsa ba, ta sa bayan hannu ta toshe bakinta.

Edward ya dawo gabansa, ya kama kafaɗunsa biyu ya mai da shi cikin kushin, ya tsuguna. Da ya buɗe baki sai ya buɗe shi da faɗi, yana jan kowace kalma, irin yadda Iliyasu yake yi masa a gida.

"Tun yaushe?"

"Tun damina. Bar wannan zancen, ba shi ya kawo ni ba." Ƙasimu ya ture hannunsa. "Gurbi ka ce ka bari? To madalla. Guduma za a sa. Bazawararka ko shara ba ta isa ta yi a fada ba."

Ya zuba masa ido yana jira jijiyoyin wuyan nan su miƙe, yatsan nan ya tashi. Idon Edward ya ciko da ƙwalla. Mutumin kirki ne, abin da ya ɓata lamarin ke nan.

"Gaskiyarka," ya ce. "Guduma ce sarki. Gobe zan sa ta a wurin."

"Ban yarda ba! Haka ake naɗi, ba shawara ba gardama? Kai da ka ce daka ce kawai?"

"Na yi kuskure. Ka fi ni gani tun da can."

Ƙasimu ya ƙara matsawa. Ya ce Hadarin Gabas ba ta cancanci Galadima ba, a tuɓe ta. Edward ya ce a tuɓe. Ya ce Maƙeran ma gaba ɗayansu ba su iya komai ba, injin niƙan Gwaram ya fi su iya kiɗa. Edward ya ɗan yi murmushi ya shafa masa gwiwa. Duk abin da ya nema a shekarun nan an ba shi a zama ɗaya, fadar ta zama tasa daga sama har ƙasa, bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan zaman ba.

Martina ta ajiye shinkafa da miyar zabo, ta tsuguna tana nuna masa cokali, tana nuna masa ruwa. Ya ci loma kaɗan don kada ta ji ba daɗi. Ba a sake kunna kaset ba. Edward ya yi ta zancen wani likitan kunne a Kano, yana yi yana kwatance da hannu, Ƙasimu yana kallon furannin leda.

Da rana ta yi sanyi ya ce zai kama hanya. Edward ya raka shi tasha, da za su tsallaka titi ya riƙe masa gwiwar hannu, titin da shi Ƙasimu ya fasa duwatsunsa. A tasha ya ja direban motar Gwaram gefe yana yi masa magana, ya taɓa kunnensa ya kaɗa hannu. Nan take aka sauko da wani ɗan kasuwa daga gidan gaba aka ce Malam ya hau.

Ƙasimu ya hau ya ja ƙofa. Edward yana tsaye a gindin taga, hannunsa a kan ƙarfen. Saura dabara ɗaya, ya jefa ta.

"Ina jin ba zan ƙara zuwa ba, Makanike. Hanyar ta yi mini nisa."

Ya san amsar da ta dace, har yana ganinta a ransa: ƙarya kake, baƙauye, nisan me, in ba ka zo ba in zo in ɗauko ka a kafaɗa. Ya kafe leɓen Edward da ido kada ko harafi ya wuce shi.

Edward ya ɗora hannu a kan nasa.

"Ka huta abinka a gida," ya ce a hankali. "Ni zan riƙa zuwa duba ka."

Direba ya ba mota wuta suka hau titi.